Fijo 504 ta marigayi Baba ko ƙaramar Yaris, wacce za ta fisshe ni?

Ɗan Sumaila ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan mota, musamman makanikai da tsofaffin direbobi in akwai su a nan. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar Fijo 504 salun irin haɗin Kaduna, ta daɗe a gareji lulluɓe da tamfol, a iya sanina injinta bai taɓa bugawa ba, kawai dai da ƙafarsa ta fara ciwo ne ya daina tuƙi aka ajiye ta, tun daga nan ba wanda ya ƙara tayar da ita. Ni kuma yanzu na gaji da hawan adaidaita, na ɗan tara wani abu, sai wani dillali ya nuna min Toyota Yaris ƙarama 'yar Beljiyam ƙirar wajen 2008 mai injin 1.3. Kuɗin hannuna ba za su yi duka biyun ba, ko dai in zuba su a tayar da Fijon ko in ƙara ɗan abin da ya rage in ɗauki Yaris ɗin.

Zirga-zirgata a cikin Kano ce, daga Hotoro zuwa cikin gari kullum, ga kai yara makaranta da ɗauko su, sannan ƙarshen wata nakan leƙa gida ƙauye, kuma daga inda kwalta ta ƙare burji ne mai ramuka, da damina har da wani ɗan rafi da ake tsallakawa. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa motar yanzu duk roba ce da gwangwani, wasu na cewa Fijo za ta shanye min albashi a gidan mai. Ni dai na rasa na kamawa. Wanda ya sani ya taimaka.

Kawu Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ni tsohon direban ma'aikata ne, jikata ce ke rubuta min wannan ina faɗa mata, don haka a yi haƙuri da tsawon zance.

Motar nan da kake gani ba a banza ta yi suna ba. A 1968 aka fara fito da ita a Faransa, a 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai. Mu nan kuma sai 1975 da kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna zamanin Gowon, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata, malamin makaranta ma yana iya cin bashin mota ya biya. Da Obasanjo ya hau a mulkin soja aka ce manya su rage facaka, sai 504 ta zama motar gwamnati, kwamishina ita, babban sakatare ita, alƙali ita. Turai sun daina yinta tun 1983 amma a Kaduna ba a daina ba sai wajen 2006, to ka tambayi kanka me ya sa mota za ta ƙara shekara ashirin da ɗoriya a wajenmu bayan masu ita sun bar ta.

Amsar ita ce hanya. Ƙafafun 504 dogon sifirin ne da su, in ta faɗa rami sai ta lotsa ta miƙe a hankali, ba ka jin bugun a ƙugunka, kujerunta kuma ka yi Kano zuwa Maiduguri ka sauka ba ka riƙe baya ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, saboda haka in ka loda buhun masara biyu a but ƙara kama ƙasa take yi, ba kamar waɗannan ƙananan da in ka danne bayansu gaban ya yi sama tayar ta dinga sulɓi a taɓo ba. Firofelarta ma, sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya samunta. Gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, wadda ake yi a daji da laka, 504 ce ta zo ta ɗaya. Burjin ƙauyenku ba komai ba ne a wajenta wallahi.

Sannan in ta tsaya maka a daji, da sukundireba da filaya da 'yar takardar yashi za ka goge kwantak ɗin da ke ba filogi wuta, ka busa jet ɗin kafireto, ka tayar da abarka. Batir ya mutu yara biyu su tura ka ta tashi. Wannan 'yar Yaris ɗin in ta yi shiru a bayan gari sai dai ka nemi mai janwe. Ni dai shawarata ka tayar da motar ubanka.

Abba Injiniya ya amsa:

Kawu Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa a kan hanya gaskiya ne ba musu, amma da izininka akwai abu biyu da ba a taɓo ba kuma su ne za su fi damun wannan bawan Allah.

Na farko mai. Lokacin da kuke tuƙa 504 fetur kusan kyauta ne, yanzu fa? Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 farashin gwamnati na lita bai kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura dubu. 504 injinta kusan lita biyu ne, 1971cc, da kafireto, yawancinsu giya huɗu. Kafireto ba ya lissafi, gwargwadon iskar da ta wuce ta maƙogwaronsa haka yake zuƙo mai, ko injin na buƙata ko ba ya buƙata, in ya tsufa kuma sai abin ya ƙaru. Yaris kuwa nozul ne ke fesa mai, akwai sansa a salansa tana shinshina hayaƙi tana gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, ya ƙara ko ya rage, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. A nawa kiyasin, 504 mai lafiya a cunkoson cikin gari ba za ta sha ƙasa da lita 12 a kilomita 100 ba, Yaris 1.3 kuwa wajen lita 7. In kana yin kilomita 1000 a wata bambancin lita 50 kenan, ka ninka da kuɗin lita na yau ka gani, duk wata fa, ba sau ɗaya ba. Kuma abin haushin ƙarfinsu bai wani bambanta ba, 504 doki casa'in da 'yan kai ne, Yaris 1.3 tamanin da wani abu, ita kuma ta fi sauƙin nauyi.

Na biyu wanda ya fi girma, rai. Maganar nan ta “motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani” ita ce ta fi ba ni tsoro. Motar yanzu da gangan aka ƙera gabanta ya murƙushe in an yi karo, domin ƙarfen da ya lanƙwashe shi ne ya shanye bugun, ɗakin da mutane suke ciki kuma an ƙarfafa shi kada ya motsa. In mota ta ƙi lanƙwasa a inda ya kamata, bugun bai ɓace ba, ƙirjinka da sitiyari ne za su raba shi. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 suka yi gaba da gaba, bidiyon na nan a YouTube kowa ya je ya kalla, tsohuwar mai kaurin bodin ce ɗakin direbanta ya ruguje, sabuwar kuwa ɗakin ya tsaya. Na san 504 ta fi Bel Air zamani, amma an zana ta ne shekaru kusan talatin kafin a fara gwajin karo na Euro NCAP a 1997, ba ta da eyabag, ba ta da burkin ABS mai hana taya kullewa in an taka da ƙarfi. Yaris irin wadda aka nuna maka ta samu tauraro biyar a wannan gwajin wajen kare manya da ke ciki. Kuma nauyinsu bai yi nisa da juna kamar yadda ido ke gani ba, 504 wajen kilo 1200 ce, Yaris dubu da ɗan wani abu.

Wani abin dariya ma, Yaris ɗin Turai da yawansu a Faransa ake haɗa su, a garin Valenciennes, tun 2001. Kenan Kawu ko ta ina aka bi dai motar Faransa zai hau, hhhh.

Oga Rabe Makaniki ya amsa:

Slm. Ni makaniki ne a wajen Ƙofar Ruwa, a kan Fijo na koyi aiki, yanzu kuma Toyota da Honda su ne abincina, don haka ba ni da ɓangare.

Gsky Injiniya duk lissafinka daidai ne amma lissafin sabuwar Yaris ka yi, shi kuma ba sabuwa aka nuna masa ba, mota ce da ta yi shekara goma sha da yawa a hannun wasu kafin ta hau jirgin ruwa. Tauraro biyar ɗin nan na motar da eyabag ɗinta ke ciki ne. Sau nawa ake kawo min 'yar Beljiyam fes da ita, ka buɗe sitiyari ka tarar ba komai ciki, ta taɓa yin hatsari can an yi mata fanel bita an liƙe murfin an cire ƙwan fitilar gargaɗin don kar ta tona asiri. To malam in za ka saya, ka murɗa makulli kar ka tayar, ka duba fitilun dashbod su kama duka, ta eyabag da ta ABS da ta cek injin, sannan in ka tayar su mutu da kansu. Wadda ba ta kama ba tun farko an taɓa ta. Ka je da mai kwamfuta ya jona ya karanta, motocin fetur na Turai daga 2001 duk suna da wannan soket ɗin a ƙarƙashin sitiyari, kuɗin da za ka ba shi bai kai na taya ɗaya ba. Ka leƙa ƙasa ka ga ko indomi ɗinta, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, na nan, don ana yanke shi a sayar tun a hanya saboda ƙarafan masu tsada da ke ciki, in babu shi za ka ga shan mai ya canza fitila kuma ta ƙi mutuwa. Sannan ka tambayi giya, in manuwal ce madalla, in otomatik ce ta gaske ita ma ba laifi, amma akwai wata ta Turai da ake ce wa MMT, manuwal ce da mota ke taka kulocin da kanta, mu nan ba kowa ya iya saita ta ba, ni dai ba na ba mai ƙaramin ƙarfi shawarar ya ɗauke ta. Takardun kwastan ma ka tabbatar na gaske ne, a farkon 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, in ta ɓarauniyar hanya ta shigo wata rana a hanyar Kaduna za ka yi bayani.

Kuma in ka saya don Allah kar ka bari wani ya ce maka wai motar ƙasar sanyi ce a cire tamostat mai daidaita zafin inji a haɗa fanka dairek. Wannan aikin mu makanikai mu muka ɓata motoci da shi, injin ba zai kai zafin da aka tsara masa ba, birenbos ya ɗauka har yanzu safiya ce ya yi ta ƙara mai, ka dawo kana cewa Yaris na shan mai. Baƙin mai ma siriri take so irin 5W-30, ba mai kaurin nan da muke ɗura wa Fijo ba, lagireto kuma kulan ake zubawa ba ruwan rijiya ba. Man bumburutu na galan shi ma ka rage, kafireto zai haɗiye datti ya yi tari ya wuce, amma fuwal fam da nozul ba sa yafiya.

Ita kuma 504, Kawu ka yi haƙuri, zamanin da kowane lungu akwai mai gyaranta ya wuce. Yaran da ke gareji yanzu ka ba su kafireto su saita sai su tsaya suna kallonka, masu yi sun tsufa ko sun rasu. Kaya kuma akwai su amma kashi biyu ne, ko na gwanjo da aka ciro daga wata matacciyar, ko sabo jabu da kwalinsa kawai ya yi kama da na da, kwantak ɗin yanzu wani ko wata biyu ba ya yi. Injin kam ba na jin tsoronsa, silif ɗinsa zarewa ake yi a sa sabo da fistin da ring ya dawo kamar jiya aka yi shi, wannan kyakkyawan tsari ne. Abin da ke kashe 504 tsatsa ce, ƙasan ƙafar direba, gindin ƙofofi, ƙasan but, da inda shakazoba na gaba ke ɗaure. Ba ta da shasi daban kamar akori-kura, bodin shi ne ƙashin bayanta, in ya ruɓe ko ka kai wa mai walda ya toshe ƙarfinta ba zai dawo kamar da ba. Sannan motar da ta daɗe a tsaye duk wata roba da ke jikinta ta bushe, tiyon burki, tiyon mai, sil-sil, bushin, taya huɗu har da safaya ko da zanensu bai goge ba. Mutane na cewa “ai batir kawai za a sa mata”, daga batir ɗin nan ne ake fara zuba kuɗi ba a san ranar gamawa ba.

In ka ce in zaɓa maka, kwana ashirin da tara kana cikin go-sulo a Kano kwana ɗaya kana burji, ai motar kwana ashirin da tara ake saya. Ranar ƙauye ka bi a hankali, da damina ka ajiye ta a bakin kwalta ka hau mashin.

Maman Walid ta amsa:

Salam. Ni ban san kafireto ba ban san nozul ba, amma ɗan'uwa akwai abin da duk mazan nan suka tsallake, ka ce mahaifinku ne ya bari, to an raba gado kuwa? In ba a raba ba motar nan ba taka ba ce kai kaɗai, da haƙƙin mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata a ciki, kar ka zuba kuɗinka ka gyara ta ta yi kyau sannan a zo rabo a yi mata kuɗi da gyaranka a ciki, daga nan ake fara ɓacin rai tsakanin 'yan uwa. A kira wanda ya sani ya yi mata kuɗi yadda take a yanzu, in a kasonka ta faɗo shi kenan.

Sannan ka tambayi uwargida mana, ai ita ma za ta shiga. Zafin Kano na watan Afrilu da yara uku a baya ba esi, ga warin fetur da tsohuwar mota ba ta rabuwa da shi, kuma ka duba ko akwai bel a kujerar baya ma tukuna. Babanmu ma ya yi 504 wagon, mun sha daɗinta zuwa biki mu goma a ciki, ina sonta har raina, amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan 504 da 505 buraik, wato wagon, sun yi mana aiki sosai a tasha, Maraɗi zuwa Damagaram, Maraɗi zuwa Jibiya, mutum da kaya har saman rufi. Amma ka duba yau wa ke kabu-kabu da su? Kusan duk an koma Toyota, taksin Yamai ma ƙananan Toyota ne. Su direbobin haya ba ruwansu da ƙauna, abin da ya rage a aljihu da yamma suke dubawa, in da 504 na fitar da su da ba su sake ta ba. Amma kada ka sayar wa 'yan gwangwan su sare ta a kilo, wannan kam asara ce, mai tsabta irin ta gida ɗaya tana wuyar samu yanzu kuma akwai masu nemanta.

Kawu Tsohon Direba ya sake amsawa:

To na ji, yara kun taru a kaina. Maganar mai ban musa ba, ni ma fansho nake ci na san zafinsa. Amma ba ga gas ɗin CNG da gwamnati ke ta yayatawa tun 2023 ba, injin kafireto ai bai da wuyar juyawa, but ɗin 504 kuma zai ɗauki tukunyar har da sauran wuri, ita 'yar Yaris in ka sa mata tukunya ina za ka sa ko jakar tafiya? Maganar hatsari kuma Injiniya na karɓa, mun ga abin da muka gani a hanyar Zariya a shekarun nan, ba na son tunawa. Abu ɗaya dai nake roƙo, ɗana, ko Yaris ɗin ka saya kar ka rabu da ta mahaifinka, ka riƙa gyara ta kaɗan-kaɗan ko da ranar Juma'a ce kawai za ka fita da ita.

Ɗan Sumaila ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shige ni, an raba gida da gona amma motar cewa aka yi a bar ta tukuna, zan tayar da zancen wajen yayanmu. Kawu in sha Allah ba za ta je wajen 'yan gwangwan ba. Yaris ɗin manuwal ce na tambaya, ranar Asabar zan je da mai kwamfuta. Oga Rabe tambaya ɗaya, in ina so in san ko injin Fijon na da rai kafin a yi mata kuɗi, in sa batir in gwada tayarwa ne ko yaya?

Oga Rabe Makaniki ya amsa:

A'a malam kar ka soma, nan ake kashe injin da bai mutu ba. Fetur ɗin da ke tankin ya riga ya lalace ya zama kamar danƙo, in ka ja shi cikin kafireto ka ƙara wa kanka aiki, sannan saman silinda a bushe yake ba ɗigon mai, ring na iya kamewa da tsatsa ka murɗa kik ya karye. Ka cire filogi huɗun, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sai a sa sifana a kan fulin kiranshaf a juya da hannu a hankali motar na firi. In ya zagaya sumul to injin na nan. Bayan nan a zubar da tsohon baƙin mai a canza filta, a duba ko ya yi fari-fari kamar madara don wannan alamar ruwa ya shiga ne ta gasket, a cika lagireto a ga ko yana zuba, mai kuma a ba ta daga galan da tiyo kar a taɓa na tanki sai an sauke shi an wanke. Waya ma a duba, ɓeraye na son gareji. Ko ta tashi kar ka fita da ita titi sai an yi burki gaba ɗaya.

Ka ɗaga kafet ɗin gaba da na but ka ɗauki hoton ƙasan da fitilar waya, da wajen da shakazoba ke ɗaure in ka buɗe bonet, ka turo nan in gani, daga hoton zan iya gaya maka ko ta cancanci a kashe mata kuɗi. Na Yaris ɗin ma ka turo hoton dashbod lokacin da makulli ke kunne kafin a tayar.